Daga Dala Zuwa Cappal Waddi: Hutun Hawan Dutse da Abin da Zai Koya Mana Game da Gida

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin unguwar Jakara mazauna birane, a lokacin hutun Babbar Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Gabatarwa

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan hutu da yawon buɗe ido, musamman hawan duwatsu da ziyartar gandun daji na ƙasa. Mun sani sarai cewa wasu daga cikin dattawanmu za su ce a ransu, ina ruwan ƙungiyar ci gaban unguwa da hawan dutse, alhali ga matsalar ruwan sha, ga makarantu, ga matasa babu aikin yi? Tambaya ce mai kyau, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa.

Da yawa daga cikinmu Allah ya hore mana abin da za mu fita da iyali idan an yi hutun makaranta. Wasu kan tafi Jos, wasu Obudu, wasu ma su tsallake zuwa ƙasashen waje. Alhazanmu kuwa, har da masu furfura, sukan daure su hau Jabalun Nur a Makka domin su ga kogon Hira, su dawo suna ba da labari shekara da shekaru. Amma idan muka tambayi 'ya'yanmu da aka haifa a Agege ko Garki, su nawa ne suka taɓa taka ƙolin Dala? Ga shi kuwa daga bakin Kasuwar Kurmi ana hangensa. Abin da muke son kafawa a yau shi ne, hawan dutse makaranta ce mai aji uku: ajin farko a ƙofar gidanmu yake, na biyu a kudancin jiharmu, na uku a kan iyakar ƙasarmu da Kamaru. Wanda ya kai aji na uku zai dawo da darasin da Dala da Jakara ke matuƙar buƙata.

Aji na farko: Dala

Dutsen Dala ba shi da wani tsayi na a zo a gani. Ƙolinsa mita 534 ne daga saman teku, kuma da yake birnin kansa a kan tudu yake, mai lafiya ba zai yi kwatan awa a kan matakalar ba zai ga kansa a sama. Darajarsa a tarihinsa take. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a gindin wannan dutse, wato kafin zuwan Bagauda da fiye da shekara ɗari uku. Marmarar da ke jikinsa mai ɗauke da ƙarfe ita ta jawo maƙera, su kuma suka jawo manoma da mafarauta da fatake, har gari ya kafu.

Kundin tarihin Kano, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara ya buga a shekarar 1908, ya nuna cewa Dala da Jakara tare suka taso. A kan dutsen Barbushe yake zaune, shi ne jagoran masu bautar Tsumburbura. Ita kuwa Jakara a wancan zamani kurmi ce mai duhu da ta kewaye wani baƙin ruwa, shi ya sa ake ce mata Kurmin Baƙin Ruwa, kuma mutanen lokacin sun ɗauka cewa idan wata masifa ta doso gari, daga wannan kurmi ake fara jin alama. Bagauda ya zo a shekarar 999. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. Sarki Tsamiya ya rushe wurin bautar Tsumburbura a ƙarni na 14, a zamanin Sarki Yaji kuma Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci. Da Muhammadu Rumfa ya hau gado a 1463, sai aka kafa kasuwa a gefen wannan kurmi namu, sunan da take amsawa ke nan har gobe.

A nan ya kamata mu tsaya mu amsa wani ƙorafi da ake yi, cewa hawan Dala raya al'adar maguzanci ne. Mu dai abin da muka tashi muka tarar shi ne Takutaha, ranar da Kanawa ke murnar zagayowar sunan Manzon Allah, mako guda bayan Mauludi, inda yara da manya ke yin ado su hau dutsen. Wurin da a da ake yi wa gunki yanka ya zama wurin da ake tsayawa a ƙirga hasumiyoyin masallatai har ido ya gaji. Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin lura da ƙarshen al'ummomin da suka shuɗe, da kuma yin tunani a kan yadda aka kafa duwatsu. Yaron da aka hau da shi Dala aka ba shi labarin Barbushe da na Wangarawa a tsaye ɗaya, ya fi wanda bai taɓa ji ba sanin ni'imar da Allah ya yi wa garin nan.

Daga ƙolin dutsen, musamman da sanyin safiya bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya sauko, birni a shimfiɗe yake kamar tabarma. Ga Goron Dutse ta yamma. Ga Babban Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, ga rumfunan Kurmi, ga Madabo ta malamai a nan kusa. Can gabas ga Fagge da Sabon Gari, ta arewa kuma mai kaifin ido zai hango duwatsun Fanisau. A wannan wuri ne Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya a shekarar 1851 ya zana hoton Kano. Ya ƙiyasta mazaunanta a kan mutum 30,000, adadin da yake ninkawa a lokacin fatauci. Kafin shi, Baturen Birtaniya Clapperton ya zo a 1824, ya kuma ba da labarin fadamar Jakara da ta raba birnin biyu. Mutane sun ƙetare Sahara a kan raƙumi domin su ga abin da mu muke wucewa ta gefensa a cikin mota, gilashi a rufe.

Aji na biyu: Falgore da Riruwai

Wanda ya saba da Dala, sai ya fuskanci kudu. Kimanin kilomita 150 daga birni a kan hanyar Jos akwai dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Gaba da shi kuma akwai duwatsun Riruwai, tsohon garin haƙar kuza, inda ƙasar Kano ta fi tudu, inda kuma ruwan Zainabi ke gangarowa daga kan dutse. Bakanon da bai taɓa zuwa can ba zai yi mamakin cewa har yanzu a cikin jiharsa yake, domin iska da itatuwa da launin ƙasa duk sun sha bamban da na birni.

Muhimmancin wannan yanki ga mutumin Jakara ya wuce kallo. Kogin Kano ta wannan daji ya ratso kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwan Tiga shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma daga wannan kogi ake jan wani kaso na ruwan famfon birni. Duk itacen da aka sare a Falgore aka yi gawayi, ƙasar da yake riƙe da ita za ta bi ruwa ta je ta kwanta a cikin madatsar. Yaro zai iya karanta wannan a littafin makaranta ya manta, amma idan ya tsaya a bakin kogin da idonsa, gani ya kori ji.

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga darajar wasu dazuka 10 zuwa gandun daji na ƙasa, ciki har da Falgore, da Baturiya ta Jigawa, da Kogo ta Katsina. Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Akwai shekarun da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mayar da Falgore maɓoya, har ta kai sojoji suka yi atisaye a cikinsa a 2017. Saboda haka babu wanda zai ɗauki iyali ya nufi daji ko dutse a wannan yanki sai ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da jami'an tsaro da sarakunan wurin, ya ji halin da ake ciki a wannan makon. Idan suka ce a dakata, a dakata. Rigakafi ya fi magani.

Aji na uku: Gashaka Gumti

Tunanin keɓe daji da duwatsu a matsayin dukiyar ƙasa baki ɗaya ya faro ne daga Amurka, inda aka kafa gandun Yellowstone a 1872. A Nijeriya gandun Tafkin Kainji ne na farko, a 1979. Mafi girma kuwa shi ne Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 bayan an haɗe dazuka biyu, na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kwanta a jihohin Taraba da Adamawa, ya jingina da iyakar Kamaru. A cikinsa ne dutse mafi tsayi a ƙasar nan yake, wato Cappal Waddi, wanda Fulanin wurin ke kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419. Idan aka auna daga saman teku, ya ninka Dala fiye da sau huɗu.

Daga Kano hanyar doguwa ce. Ana bi ta Gombe zuwa Numan, a gangara Jalingo, a wuce Bali, sannan a isa Serti, inda hedikwatar gandun take. Mai iyali ya ware kwana biyu a tafiya, biyu a dawowa. A Serti ake karɓar izinin shiga, a biya kuɗin da aka ƙayyade, a haɗa baƙo da ma'aikacin gandun da zai yi masa jagora. Arewacin gandun, wajen Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin wanda muka sani. Kudancinsa kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu, irin wanda ƙila kakanninmu suka gani a Jakara kafin a sare shi. Akwai ɓauna da gwanki da mazo da gadu, akwai dorina da kada a cikin koguna, ga birai iri-iri da ɗaruruwan nau'o'in tsuntsaye. A wannan daji ne kuma ake samun wani jinsin birin cimpanzi da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru, wanda masana daga jami'ar Landan suka fara nazarinsa a sansanin Kwano tun shekarar 2000. Kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan sansanin sojan Jamus, shaidar cewa wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin mulkinsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ba kowa ne zai kai ƙolin Cappal Waddi ba, kuma ba dole ba ne. Masu ƙananan yara da dattawa za su iya tsayawa a wajen Gashaka, su yi tattaki na awa biyu ko uku a bakin kogi, su dawo masauki. Masu ƙarfi a jika kuma sukan bi ta tudun Mambila, ta wajen Nguroje, su yi kwanaki suna tafiya a ƙasa suna kwana a tanti ko a rugar Fulani. A kan hanyar Mambila ne mutum zai ga gonakin shayi na Kakara, da shanu suna kiwo a cikin gajimare. Ƙa'ida ce sananna cewa duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6, saboda haka wanda ya baro Kano yana gumi zai nemi bargo a can.

Ga 'yan shawarwari ga mai niyya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika, hanyoyi su yanke. A tanadi takalmi mai riƙe idon sawu wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da rigar sanyi, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da abin tace ruwa ko tafasa shi. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya tashi. A fara motsa jiki da tafiyar ƙasa tun wata biyu kafin ranar. A kan dutse kuwa tafiyar mafi rauni a cikin ayari ita ce tafiyar kowa, sannu ba ta hana zuwa. Kada a rabu da ɗan jagora, kada a kunna wuta sai inda ya nuna, kada a bar ko ledar ruwa ɗaya a baya. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, saboda haka babu uzurin wasa da salla.

Darasin da za mu dawo da shi

Abin da ya fi dabbobi da gajimare muhimmanci ga ƙungiya irin tamu shi ne lura da yadda aka tsare wurin. Gandun yana da iyaka da doka ta shata. Yana da ma'aikata masu sintiri. Baƙo ba ya shiga sai da izini da jagora, kuma yana biyan kuɗi. An bar wa makiyaya da manoman da aka tarar wasu keɓaɓɓun wurare a kan tsaunuka, domin an gane cewa dajin da maƙwabtansa ke gaba da shi ba zai daɗe ba. Samarin ƙauyukan kewaye suna samun aikin jagora da dako da sintiri. Duk da haka gandun yana fama da mafarauta da masu sarar itace da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke nuna cewa tsare amana aiki ne na kullum.

To, mu dawo gida mu dubi Dala da wannan ido. Tun shekarar 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa a jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Hawan Sallar Kano ya samu shiga kundin al'adun duniya na hukumar a 2024, amma su waɗannan wurare suna nan a layin jira. Wanda ya zagaya gindin Dala zai fahimci dalili. Gidaje sun matse shi ta kowace fuska, ruwan sama yana zaizaye jikinsa kowace damina, ana zubar da shara a gefensa, wasu lungunansa kuma sun zama matattarar zauna-gari-banza. Ganuwar da Gijimasu ya faro an ci ta da gine-gine da ɗibar ƙasa. Ita kuma Jakara, wadda ta bi ta Fagge da Sabon Gari ta haɗu da rafin Getsi ta zuba a madatsar Wasai ta Minjibir, ta zama magudanar dagwalo da leda, kuma da ruwanta ake ban-ruwan wani kaso na ganyen da ke dawowa kasuwanninmu. Babu baƙon da ya zo daga wata duniya ya yi mana wannan ɓarna. Hannunmu ne da na 'yan'uwanmu, kuma mu da muka fita muka ga yadda wasu ke tattalin nasu, alhakin ya fi nauyi a wuyanmu.

Shawarwari ga ƙungiya

Na farko, a ware safiya ɗaya a kowane hutun Babbar Salla domin tattakin 'ya'yan membobi. A tashi daga bakin Kurmi, a bi ta Madabo a hau Dala, a kammala a gidan tarihi na Gidan Makama, tare da dattijo ko malamin tarihi da zai riƙa yi musu bayani da Hausa.

Na biyu, tun da Dala na Kanawa ne gaba ɗaya, shugabanninmu su nemi masu unguwannin da ke kewaye da dutsen da ƙungiyoyinsu, a haɗu a kan aikin gayya na kwashe shara sau biyu a shekara, kafin damina da kafin Takutaha, da sanin hukumomin da ke kula da kayan tarihi.

Na uku, injiniyoyi da masana muhalli da ke cikinmu su zauna su rubuta shawara a kan zaizayar dutsen da magudanan unguwa, ƙungiya ta miƙa ta ga gwamnati a rubuce, ta kuma riƙa bibiya.

Na huɗu, a zaɓi matasa daga unguwa a koya musu tarihin birni da ladubban karɓar baƙi, domin su zama 'yan jagora masu katin shaida. Wannan sana'a ce da ba ta buƙatar babban jari.

Na biyar, a buɗe adashi na musamman ga masu sha'awar zuwa Gashaka Gumti a ayari ɗaya duk bayan shekara biyu, kuma kowane reshe ya ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya daga cikin unguwa wanda iyayensa ba su da hali.

Na shida, a naɗi muryoyin dattawanmu a kan yadda suka san Jakara da kududdufanta da Takutahar ƙuruciyarsu, a riƙa buga kaɗan-kaɗan a wannan mujalla tamu, tun suna tare da mu.

Kammalawa

Jama'a, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hutun da za mu kai iyali Mambila ko Gashaka kuɗi ne da ba a yi asararsu ba, matuƙar yaron ya fara sanin dutsen garinsu, kuma uban ya dawo da niyyar gyara. Muna roƙon shugabannin rassa su tattauna waɗannan shawarwari shida a tarukansu na wata-wata, su turo wa sakatare matsayarsu kafin azumi mai zuwa, domin a sa su a kasafin shekara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, ya shiryi zuriyarmu, ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, ya mayar da kowa masaukinsa cikin aminci.